Ƙanshin Humrata da Abin da Ƙuda Ya Koya Mini

A wannan watan labarin wani abu da ya faru da ni nake so in ba ku. Na daɗe ina jin nauyin faɗarsa domin laifin nawa ne, amma na ga idan na yi shiru wata 'yar uwa za ta iya faɗawa ramin da na faɗa.

Ni malamar Islamiyya ce a unguwarmu ta Ƙofar Kibo, cikin birnin Zariya. Bana shekarata tara ina koyar da ajin ƙananan 'yan mata, 'yan shekara shida zuwa takwas, daga bayan sallar La'asar har zuwa dab da Magariba. Abu biyu ne suke shiga aji tare da ni kullum. Na farko ƙanshin wata humra da aminiyata 'yar Maiduguri take haɗa mini tun ina amarya. Ba shafawa nake yi in fita ba, na san hukuncin hakan, amma ƙanshin ya riga ya kama ɗakina da akwatin kayana, ta yadda duk wadda na matsa dab da ita sai ta ji shi a jikin hijabina. Na biyu kuwa tsumagiyar darbejiya.

Ban taɓa ɗaukar kaina muguwar malama ba. Haka muka tarar, haka aka yi mana, kuma kullum abin da nake faɗa wa kaina shi ne icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yadda nake karɓar hadda shi ne in bi sahu-sahu, in durƙusa kusa da kowace yarinya in saurare ta. Idan ta yi tuntuɓe sau ɗaya in ɗora ta, idan ta sake, sai tsumagiya ta sauka a tafin hannu. Ki riƙe wannan tsarin a ranki, 'yar uwa, domin za mu dawo kansa.

A cikin ɗalibaina akwai wata yarinya 'yar shekara bakwai, bari in kira ta Ummi duk da ba shi ne sunanta ba. Yarinya ce mai natsuwa, ba ta da surutu, ta zo da karatunta lafiya lau har muka iso Suratul Bayyina, wadda duk malamar ƙananan yara ta san yadda take riƙe su. Nan Ummi ta tsaya. Mako biyu kullum sai ta sha tsumagiya a wuri guda. Daga nan ta fara fashi. Aka ce mini ciwon ciki take yi, kuma abin mamaki ciwon ba ya tashi sai an kira La'asar. An ba ta maganin tsutsar ciki, an yi mata tofi, shiru.

Wata ranar Asabar bayan Magariba sai ga mahaifiyarta ta yi sallama a gidana. Bayan mun gaisa ta daɗe tana murza gefen mayafinta kafin ta ce, "Malama, don Allah kada ki ɗauka ƙara na kawo. Jiya mun je biki Tudun Wada da Ummi. Muna zaune a tsakar gida cikin mata, wata baƙuwa ta zo wucewa, sai kawai yarinyar nan ta ƙanƙame ni tana karkarwa, tana cewa, ‘Umma, Malama ta zo, ban iya ba.’ Na waiga ban gan ki ba. Kafin in ankara har ta jiƙa zanenta. Sai da matar ta dawo na ji ashe irin turarenki ne a jikinta."

Wallahi 'yan uwa, ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Na ce, "Maman Ummi, ki yi haƙuri, ki bar ta ta huta tukuna." Abin da na iya faɗa ke nan. A daren nan barci bai ɗauke ni ba. Turaren da maigidana yake yabawa, wanda 'ya'yana suke shinshinawa su ce ƙanshin Ummansu ne, shi ne ya zama dodo ga 'yar mutane.

Lokacin mangwaro ne, cikin watan Afrilu. Kwana biyu bayan haka ƙanena da yake karatun kimiyyar dabbobi a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru ya zo gaishe ni. Ya tarar da ni ina korar 'yan mitsi-mitsin ƙudajen nan masu jan ido da suke taruwa a kan ɓawon mangwaro da ayaba idan sun fara lalacewa. Ya ce, "Yaya, bar su, ai malamanmu ne." Da ya ga ban yi dariya ba sai ya tambaye ni abin da ke damuna, na kwashe labarin Ummi na faɗa masa. Ya yi shiru, sannan ya nuna kwandon sharar ya ce, "Yaya, abin da ya sami yarinyar nan, a jikin waɗannan aka fi sanin yadda yake faruwa." Ranar har Isha'i yana yi mini bayani, daga baya kuma ya kawo mini takardun da na yi ta bi sannu a hankali. Abin da na fahimta ne zan ɗan gutsura muku.

Masana suna kiran wannan ƙuda Dirosofila. Tsawonsa bai wuce milimita 3 ba, kuma daga ƙwai zuwa balaga kimanin kwana 10 ne, shi ya sa yake da sauƙin kiwo a cikin kwalba. Asalinsa ɗan Afirka ne. A shekarar 2018 wasu masana daga Jami'ar Lund ta ƙasar Suwidin sun same shi a dajin Zimbabuwe yana rayuwa a kan 'ya'yan itacen da mu muke kira danya, mai haifar nunu. Tun wajen 1910 wani Ba'amurke, Thomas Hunt Morgan, ya fara amfani da shi wajen gano yadda ake gadon kamanni, har ya sami kyautar Nobel a 1933. A ƙasarmu ma ba a bar mu a baya ba. Farfesa Amos Abolaji ya kafa cibiyar bincike da horarwa a kan wannan ƙuda a Ibadan, sannan a nan Samaru wata 'yar uwarmu mace, Dakta Rashidatu Abdulazeez, ta kafa shirin Droso4Nigeria domin kai ilimin ga ɗalibai da malaman makarantu.

A shekarar 1974 ne wasu masana uku a Kalifoniya ta Amurka, William Quinn da William Harris da Seymour Benzer, suka nuna cewa ana iya koya wa wannan ƙuda darasi da ƙanshi. A 1985 Tim Tully da Quinn suka kyautata gwajin. Sukan zuba ƙudaje kamar 100 a cikin wani bututu da aka shimfiɗa wa siraran wayoyi, su busa musu wani ƙanshi na tsawon minti ɗaya, a cikin mintin nan kuma wutar lantarki tana ɗan jan ƙafafunsu har sau 12. Sai a ba su iska mai tsabta, sannan a busa musu ƙanshi na biyu ba tare da wuta ba. Daga nan a kai su wata mararraba, ƙanshin farko ta dama, na biyu ta hagu, a ba su minti biyu su zaɓa. Fiye da 90 cikin 100 sukan guje wa ƙanshin da ya zo da wuta. Idan aka ɗauko wasu ƙudajen aka juya, wato aka haɗa wutar da ƙanshi na biyu, sai su guje masa shi ma. Ke nan laifin ba na ƙanshin ba ne, abin da ya biyo bayansa ne ya ɓata masa suna.

Ina jin haka sai gabana ya faɗi. Na tuna yadda nake durƙusawa kusa da Ummi, ƙanshin hijabina ya fara isa hancinta, bayan 'yan daƙiƙoƙi tsumagiya ta sauka. Kullum haka, har kwana goma sha. Ashe ni da hannuna na yi wa 'yar mutane irin gwajin da ake yi wa ƙuda a kwalba. Hausawa sun riga sun faɗa, wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Abin kunyar ma shi ne, lokacin da nake karatun NCE a kwalejin horar da malamai ta tarayya da ke nan Zariya, an koya mana labarin Pavlov, masanin nan na Rasha, da karnukansa da suke dalalar da miyau da zarar sun ji alamar da aka saba yi musu kafin abinci. Na haddace, na rubuta a jarrabawa, na ci, na ajiye littafin a ƙasan akwati.

To, me yake faruwa a cikin kan ƙudan? Ƙwaƙwalwarsa ba ta kai ƙwayar gero ba. A shekarar 2024 masana suka fitar da cikakkiyar taswirar ƙwaƙwalwar wata tamatar ƙuda, suka ƙirga ƙwayoyin jijiya kusan 140,000 da mahaɗai fiye da miliyan 50 a tsakaninsu. Ta ɗan Adam kuwa tana da kimanin biliyan 86. Da na ga wannan lissafin sai na tuna misalin da Ubangiji ya buga da ƙuda a aya ta 73 cikin Suratul Hajji, ayar da na sha karantar da ita ban taɓa tsayawa na dubi ƙudan kansa ba.

A cikin wannan 'yar ƙwaƙwalwa akwai wani sashe, ɗaya a dama ɗaya a hagu, mai siffar laimar kwaɗi. Kowanne yana ɗauke da ƙwayoyin jijiya kimanin 2,000. Ƙuda yana shaƙar ƙanshi ne da 'yan ƙahonnin nan biyu da ke goshinsa, saƙon ya wuce har ya iso laimar kwaɗin. Ki ɗauka aji ne mai ɗalibai 2,000. Idan ƙanshin ayaba ya shigo, 'yan kaɗan ne suke miƙewa, abin da bai wuce 5 zuwa 10 cikin 100 ba. Idan na mangwaro ne, wasu 'yan kaɗan daban ne za su miƙe. Da haka ƙudan yake bambance wannan ƙanshi da wancan. A bakin ajin kuma akwai masu karɓar saƙo iri biyu, masu cewa "matsa kusa" da masu cewa "gudu". Sai kuma wasu jijiyoyi 'yan aike da suke zubo wani sinadari mai suna dofamin, wasu suna kawo labarin azaba, wasu labarin daɗi. Idan 'yar aiken azaba ta iso ta tarar da wasu ɗalibai a tsaye, sai ta raunana igiyar da ta haɗa su da mai cewa "matsa kusa". Waɗanda suke zaune ba ta taɓa su. Gobe idan ƙanshin ya dawo, waɗannan ɗaliban suka sake miƙewa, muryar "gudu" ce za ta rinjaya. A 1994 wasu masana a Jamus suka hana wannan sashe tsirowa a jikin wasu ƙudaje, sai ga shi suna jin ƙanshi, suna jin zafin wuta, amma sun kasa haɗa biyun.

Na san yaro ba ƙuda ba ne. Allah ya karrama ɗan Adam da hankali da magana da zuciya, kuma waɗannan masana ƙuda suka gwada, ba 'ya'yanmu ba. Sai dai dofamin ɗin nan yana cikin ƙwaƙwalwarmu mu ma, yana kuma da hannu a yadda muke koyon abin da za mu nema da abin da za mu guje wa. Saboda haka na ɗauki abubuwa huɗu daga binciken, na auna su da abin da idona ya gani a aji.

Na farko, 'yar aiken nan ba ta tambayar niyya. Ni niyyata Ummi ta haɗa tsumagiya da kuskuren da ta yi a aya. Ita kuwa ƙwaƙwalwarta ta haɗa zafin da duk abin da yake tsaye a wurin a lokacin: ƙanshina, tabarmar aji, kiran La'asar, kuma abin da ya fi tayar mini da hankali, surar kanta. A 2004 an gano cewa idan aka busa wa ƙuda ƙanshi bayan wutar ta ɗauke, maimakon kafin ta zo, sai ya riƙa son ƙanshin, domin ya zame masa alamar an huta. Wannan ya sa na dubi yadda ɗalibaina suke shigowa aji suna jan ƙafa, amma da an tashi sai su fita a guje suna shewa. Ni ce alamar wuta, ƙofar fita ita ce alamar sauƙi.

Na biyu, daɗi ma malami ne, har ya fi wuta riƙo. Idan aka haɗa ƙanshi da sukari ga ƙuda mai jin yunwa, zama ɗaya na minti biyu ya isa ya riƙe darasin kwanaki, alhali zama ɗaya na wuta yakan dushe da wuri. A 2011 kuma aka gano cewa idan abin zaƙi ne kawai a baki amma ba ya ƙosarwa, ƙudan yakan manta da sauri, sai sukarin da yake amfanar jiki ne yake zama. Nan na tuna kakata, Allah ya ji ƙanta. Duk ranar da na wanke allo sai ta zaunar da ni a cinyarta ta ce in biya mata, ta saurara har ƙarshe, sannan ta kwance bakin zanenta ta ba ni dabino. Har yau idan na ji ƙanshin tawadar allo sai in ji sanyi a raina. A ganina dabinon zaƙin baki ne, sauraron da ta yi mini shi ne abincin.

Na uku ya shafi hadda kai tsaye. A 1994 Tully da abokan aikinsa suka maimaita wa wasu ƙudaje darasi sau 10 a jere babu hutu, wasu kuma sau 10 amma da hutun minti 15 a tsakani. Na farkon cikin kwana huɗu darasin ya gushe. Masu hutun kuwa har bayan mako guda suna riƙe da shi, domin a cikin hutun ne ƙwaƙwalwa take gina abin da zai dawwama. An kuma ga cewa barci bayan darasi yana taimaka wa ƙuda riƙewa. Ashe malamanmu na makarantar allo da suke raba karatu safe da yamma da dare, su ba da hutun Alhamis da Juma'a, su dage a kan tilawar baya, sun san abin da suke yi. Mu ne muke tsare yaro awa biyu a kan aya uku ranar jajibirin musabaƙa, sannan mu ce ba shi da kai. Af, har wani ƙuda aka samu a 1976 wanda aka raɗa wa suna da kalmar Turanci mai ma'anar daƙiƙi. Da aka ƙara bincike sai aka ga yana ɗaukar darasi gwargwado, riƙewa ce take ba shi wuya saboda tangarɗa a ƙwayar halitta guda ɗaya. Yara nawa muka kira daƙiƙai ba mu tsaya mun duba inda matsalar take ba?

Na huɗu shi ne ya fi ba ni fata, ya kuma fi ba ni tsoro. Idan aka riƙa busa wa ƙudan ƙanshin nan da yake tsoro, wuta ba ta zo ba, a hankali yakan rage gudu. Amma a 2018 masana a Jami'ar Okasfod ta Ingila suka gano cewa tsohon darasin yana nan bai goge ba. Sabon darasi ne ake rubutawa a gefensa, mai cewa "yau ba a yi ba", su biyun su yi ta ja-in-ja. Wato gyara yana yiwuwa, amma ba a wanke zuciyar yaro kamar yadda ake wanke allo.

Da wannan na tafi gidan su Ummi da kaina. Na sa sabon hijabi da ban taɓa ajiyewa a ɗakina ba. Na durƙusa na ce, "Ummi, Malama ta yi kuskure, ki yafe mini." Ba ta ce komai ba, ta ɓoye fuska a jikin uwarta. Na roƙi Maman Ummi ta riƙa turo ta gidana da hantsi ranar Asabar da Lahadi, ba don karatu ba. Takan zo ta taya ni tsince shinkafa, ta yi wasa da 'yata, in soya musu awara. Ɗakin kuwa cike yake da ƙanshin humrar nan, kuma babu abin da yake biyo baya sai abinci da dariya. A mako na uku ta fara shiga ɗakin da kanta. A na biyar, muna tsince wake, na ji tana biya farkon Bayyina ƙasa-ƙasa. Ban ɗago kai ba, na dai ɗora ta a inda ta tsaya kamar ba komai, ta wuce.

A aji kuma na ajiye tsumagiya. Ba zan ɓoye muku ba, makonnin farko sun yi mini wuya, surutu ya ƙaru, har wata abokiyar aikina ta ce na sangarta yara. Na raba hadda gida uku gajeru da ɗan hutu a tsakani, na roƙi iyaye su sa yara su biya sau ɗaya kafin barci, sau ɗaya bayan Asuba. Idan na durƙusa kusa da yarinya yanzu, da sunanta nake farawa da tambayar ya gida. Wadda ta yi rashin ji tana da hukunci, takan rasa wasan hutu ko ta share aji, amma na daina hukunta kowa a kan mantuwa, kuma ba na yin hukunci da Alƙur'ani buɗe a gaban yarinya.

Ummi ta dawo makaranta, yanzu ta wuce Bayyina da nisa. Sai dai rannan na miƙa hannu da sauri zan gyara mata hijabi, sai na ga ta runtse ido ta janye tafin hannunta. Daƙiƙa ɗaya ce, ta buɗe ido ta yi murmushi. Ni kuwa na san tsohon rubutun yana nan, kuma ni na rubuta shi.

Uwargida, ki ɗan zauna ki yi wa kanki tambayar da na yi wa kaina. Idan ɗanki ya ji motsin takalminki, ko ƙanshin girkinki, ko kika ce "ɗauko jakar Islamiyya", me jikinsa yake gaya masa zai biyo baya? Idan kullum a kan tabarmar cin abinci ake yi masa faɗa, kada ki yi mamaki in ya ƙi tuwo. Idan da mari ake tashinsa sallar Asuba, ki yi tunanin abin da ake ɗaura wa sallar a zuciyarsa. Idan kuma kika ga yaro yana ciwon ciki a lokaci guda kullum, ki kai shi asibiti a duba, sannan ki bincika abin da yake faruwa a wannan lokacin. Ki je makarantar, ki yi wa malamar magana cikin mutunci kamar yadda Maman Ummi ta yi mini. Da ta yi shiru, da har yau ina nan da tsumagiyata ina ganin daidai nake yi.

Allah ya yafe mana kurakuranmu, ya shirya mana zuri'a, ya sa 'ya'yanmu su tuna da mu da alheri. Sai mun haɗu a wata mai zuwa idan Allah ya kai mu. Wassalamu alaikum.